Mu Ƴan Ɗaya ga Janairu

Ƙarar hatimi ce ke fara dawo mini duk lokacin da na tuna ranar. Kaf, a kan tawada. Kaf, a kan takarda. Ajidan, babban da ke kula da mu ƙananan sojoji a barikin, bai ɗaga kai ya dube ni ba sai da ya gama hura tawadar.

"Ba ki iya gudu ba, ba ki iya harbi ba. Jiya anka ce ki juya dama, kinka juya hagu kina kallon shamuwa." Ya turo mini takardar. "Na ba ki wata uku cikin biro, ɗakin takardu. In sun cika ban ga amfaninki ba, in rubuta a sallame ki, ki koma gida ki yi ta kallon tsuntsaye. Kin jiya?"

"Na jiya, mon ajidan," na ce, yadda ake amsa masa da Faransancin bariki.

Gaskiya ya faɗa game da shamuwar. Ita ce ta farko da na gani a shekarar, ta taho daga kudu a hankali, na tsaya ina tunanin an kusa shuka a garinmu.

Ni ƴar Tama ce. Mahaifina manomi ne, gero da dawa a tudu, albasa a fadama in rani ya yi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kama sunana, uwata yake ce mini. Shi ya tsaya kai da fata aka bar ni a lakwal, makarantar boko, har na ci bak, jarrabawar gama sakandare, na tafi jami'a a Yamai. Can na yi shekara biyu ina faɗuwa jarrabawa. Ba wasa nake yi ba. Ina zaune a aji malami yana magana, sai hankalina ya kama wata kalma da ya faɗa ya tashi da ita, in farga an watse. Gefen kowane shafi na littattafaina waƙa ce. Da aka ce in tattara, na tattara na dawo Tama da akwati ɗaya.

Shekara guda na yi a gida. Ba wanda ya zage ni, da an zage ni ma da ya fi sauƙi. Mata a bakin rijiya sukan ce, "Ku ba madam guga, kada ta makara biro," a yi dariya, ni ma in yi. Baba kuwa ya daina zama a dakalin ƙofar masallaci bayan la'asar. Da na ji a rediyo ana ɗaukar ƴan mata masu bak aikin soja, ban yi shawara da kowa ba sai da na kai takarduna. Ranar tafiya ya raka ni inda ake shiga mota, yana riƙe da jakata har direba ya tayar. Abin da ya ce kawai shi ne, "Uwata, kin dawo sau ɗaya. Allah shi sa wagga tahiya ta zauna."

Wannan maganar ce ke kunnena lokacin da ajidan ke hura tawada. Rana ba ta ba ni tsoro, zagi ma na saba da shi. Amma in sake sauka daga mota a Tama da akwati, Baba yana tsaye yana jirana, ban san yadda zan yi da raina ba.

Barikin yana kusa da Madawa. Biron ɗaki ɗaya ne mai taga ta ƙarfe, inda sojoji ke tsayawa daga waje su karɓi takardu. A ciki akwai tebur biyu, da kabad cike da fayil-fayil, da wata tsohuwar ordinater, na'ura mai ƙwaƙwalwa, da ke nishi in an kunna ta. Mai biron wani sarjan ne, dattijo mai furfura a gefen kunne, kowa Shef yake ce masa. Kirista ne. Ya tashi a bayan asibitin mishan da ke yankinmu, inda mahaifinsa ke dafa abinci, can ya fara taɓa na'ura tun yana saurayi.

"Ke ce mai tsuntsaye?" ya ce da na shiga. "Ɗiyar Tama. Tun kina ƙohwa na ji albasa. Kin iya rubutu mai kyau?"

"Na iya, Shef."

"To kin hi ajidan. Zauna."

Aikin da ya ba ni shi ne kwafe littafin izini. Kowane soja yana da kwanakin da zai je gida, bi da bi, parmisiyo muke ce masa. Littafin da hannu aka rubuta shi, hannuwa iri-iri, shekara da shekaru. Wani an rubuta shi sau biyu, wani an manta da shi, wani ruwa ya cinye rabin sunansa. Kullum da rigima a bakin taga. Ni kuwa ina kwafa ina ƙirga kwanakina. Na san kwafa ba amfani ba ne a idon ajidan, kowa ya iya.

Wata rana bayan azahar, bariki ya kwanta saboda zafi, ina rubuta waƙa a bayan wata tsohuwar takarda, sai Shef ya zare ta daga hannuna. Ya karanta har ƙarshe, leɓensa yana motsi. Na so ƙasa ta tsage.

"Wa ke karanta waɗanga?"

"Ba kowa, Shef."

"Asara. Jawo kujera in gwada miki rubutun da ake karantawa nan take, a kuma yi abin da ya ce."

Ya buɗe wani baƙin allo a fuskar na'urar, ya rubuta layi uku, ya danna. Sai ta tambaya: Mi sunanki? Ya ce in rubuta, na rubuta da yatsa ɗaya. Sai ta gaishe ni da sunana, ta ce ina wuni, ya albasa. Dariya ta kuɓuce mini, ta farko tun da na sa kaki.

"Kada ki ɗauka wayo gare ta," in ji Shef. "Jaka ce. Abin da kinka ce mata shi take yi, ba ƙari ba ragi. In kinka ce ta hwaɗa rijiya, sai dai ta tambaye ki wace. Wanga shi ake ce ma porogaram."

Ban iya faɗin abin da ya same ni a kujerar nan ba sai da kwatance. Shekaru ina jera layuka ba wanda ya amsa, yau na jera layi an amsa. Ya koya mini cewa: idan kaza ne, yi kaza, in ba haka ba, yi kaza. Ya koya mini yadda ake sa ta maimaita abu har sai wani sharaɗi ya cika, na ji kamar amshin waƙar daka, ana komawa kansa ana komawa har tsaba ta yi gari. Hankalin nan nawa da ba ya zama wuri ɗaya sai ga shi ya sauka ya naɗe fiffike. Nakan fara bayan azahar, in ɗaga kai in ji ana kiran la'asar. Na sha ɓatar da lokaci haka a rayuwata, amma ban taɓa dawowa da wani abu a hannu ba sai a lokacin.

Da na yi sati biyar, na ce wa Shef ina so in rubuta porogaram da zai jera izini da kansa. Wanda ya fi daɗewa bai je gida ba ya hau sama, wanda ya dawo ya koma ƙasa, wanda aka rubuta sau biyu a haɗe shi ya zama ɗaya. Ya ce in yi, amma in bambanta mutane da matirikil, wato lambar da ake ba kowane soja, wadda ba ta zama ta mutum biyu.

Littafin izinin ba shi da lambobin. Sai dai in buɗe fayil ɗin kowa a kabad ɗaya bayan ɗaya, aikin sati biyu ko fi, ni kuwa kwanakina suna ƙarewa. Kuma in faɗi gaskiya, ba na son lambobin. Gani nake wulaƙanci ne a kira mutum da lamba, alhali uwarsa ta yi naƙuda, an yanka rago an raɗa masa suna. Sai na ce wa na'urar: idan suna ɗaya ne, sunan uba ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, garin haihuwa ɗaya, to mutum ɗaya ne, haɗe su. Abu huɗu. Na ce a raina ba yadda za a yi mutum biyu su yi tarayya a abu huɗu.

Abin da ban tsaya na tuna ba yana cikin akwatina. A ƙauyukanmu ba a rubuta ranar haihuwa. Sai yaro zai shiga lakwal ubansa ke zuwa Buza, babban garin yankinmu, a yi masa takarda. Mai rubutu ya dubi tsawon yaron, ya kintaci shekara, ya rubuta ɗaya ga Janairu, a wurin gari kuma sau da yawa ya sa Buza. Tawa takardar haka take, ɗaya ga Janairu, alhali Inna ta ce ana yankan gero aka haife ni. Rabin ajinmu a firamare ranar aka haife mu. Sunaye kuwa ba su da yawa a wajenmu, na kakanni ake ta mayarwa.

An tura Shef Tawa wani kwas na wata biyu. Yana ɗaure jaka ya ce, "Kin sa matirikil?"

"Zan sa, Shef."

Ban sa ba. Porogaram ɗin ya yi aiki a haka, ya yi kyau har na ji tsoro. Kowace Litinin in fitar da takarda in manna a bango, sojoji su taru su duba, ba mai cewa an yi masa son kai. Rigimar taga ta mutu. Wata safiya ajidan ya shigo ya tsaya a bayana yana kallon sunaye suna jeruwa da kansu.

"Wai ke kinka yi wanga?"

"Ni ce, mon ajidan."

"Hm. Ashe tsuntsayen sun koya miki wani abu. In haka ta ɗore, takardarki za ta yi kyau."

Ranar na kira Baba a wayar maƙwabcinmu, na gaya masa. Ya yi hamdala, sau uku.

Saura kwana ashirin wa'adina ya cika, gero ya fara fitar da kai, wani soja ya zo taga. Dogo ne, siriri, leɓensa a bushe. Daga wani ƙaramin sansani da ke cikin duwatsun Keita ya biyo motar kai abinci. Ya cire hula ya riƙe a ƙirji, abin da sojoji ba sa yi wa irina.

"Ƙanwata, sannu da aiki. Uwata na kwance asibitin mishan, an bugo mini sau uku. Na aiko a ba ni parmisiyo, anka ce wai ban daɗe da dawowa ba. Ki duba mini don Allah."

Na tambayi sunansa, na rubuta. Na'urar ta nuna ya je gida watan jiya, kwana goma.

"Yaya, nan an rubuta ka tafi watan jiya."

"Ni? Wallahi tun kahin shuka rabona da garinmu Tabotaki. Ko dai wani takwarana na?"

Da na saurari wannan tambayar da kyau, da komai ya ƙare a nan. Amma sai na karanto masa sunan uba, ya ce na ubansa ne. Na karanto ranar haihuwa da shekara, ya ce tasa ce. Na ce Buza, ya ce haka takardarsa ta ce. Kowace amsa da ya bayar sai muryarsa ta ƙara yin ƙasa, kamar shi ma ya fara shakkar kansa.

"To ka gani," na ce, a hankali, don ban iya tsawa ba. "Ita ba ta ƙarya."

Ajidan yana wucewa ya ji ƙarshen maganar. Sojojin sansanonin waje ba duka ya sani da fuska ba. Ya leƙo, ya dubi na'urar, ya dubi mutumin.

"Kai, ka ci kwana goma, kana son ka ci na wani? Da can kuna yi ma littahi ƙarya, yanzu ku yi ma inji mu gani. Ɓace mini!"

Mutumin ya mayar da hularsa. Ya dube ni, ba da fushi ba, ya ce, "Na gode, ƙanwata." Da yamma motar abinci ta koma ba shi a ciki. Ya fita ta bayan bariki ya tafi wurin uwarsa. Kwana biyu aka je aka ɗauko shi a ƙarƙashin itatuwan asibitin, inda masu jinya ke girki, yana dama mata kunu. Ranar Litinin aka rufe shi a ɗakin horo na bariki. Laifi biyu: barin aiki ba izini, da yi wa babba ƙarya. Kowa ya ce korarsa za a yi.

Ranar Talata da hantsi wani soja ya zo taga, gajere, mai fara'a, ɗan cikin barikin ne, ina ganinsa a layin abinci. Takardar shaida yake so. Ya ajiye mini cuku biyu a kan taga.

"Madam inji, ga tsarabarki, tun watan jiya nike ajiyarta. Albarkacinki na ga garinmu Babankatami, na yi noman hwari da hannuna."

Na ce ya faɗi sunansa. Ya faɗa. Sunan dogon nan ne sak. Na tambayi sunan uba, ya faɗa. Ranar haihuwa.

"Ranar kowa mana," ya ce yana dariya. "Ɗaya ga Janairu. Ke ba ita ba ce taki?"

Ban san yadda na sallame shi ba. Na rufe taga, na buɗe kabad, na yi ta tona har na fito da fayil biyu. Suna ɗaya, uba ɗaya, rana ɗaya, Buza da Buza. Hoto biyu, lamba biyu. Na ce mata ta haɗe su, ta haɗe su. Sunan ya fito sau ɗaya a bango, na kusa ya gani ya karɓi takarda da zuciya ɗaya, na cikin duwatsu kuwa aka rubuta masa tafiyar da bai yi ba.

Gyaran bai ɗauke ni minti goma ba. Na raba su, na ba kowa layinsa. Sai na zauna ina kallon abin da na yi, wata murya tana ce mini shi ke nan, ba wanda zai sani. Shef ba ya nan, ajidan bai iya buɗe baƙin allon ba. Ai mutumin ya fita ba izini da gaske, ba ni na ce ya fita ba. Saura kwana goma sha huɗu. In na yi shiru kwana goma sha huɗu, na zauna.

Daga tagar biro ana hango ƙofar ɗakin horo, koriya ce, fentinta ya ɓaɓɓake. Talata na wuni ina kallonta. Laraba na juya teburina, sai na ga na fi jin ta a bayana. Na kasa cin abinci. Cukun nan biyu suna cikin aljihun tebur, in na ja shi sai warinsu ya taso mini. Na yi sallah ban san raka'a nawa na yi ba. Sau biyu na tashi na nufi ofishin ajidan da fayil ɗin a hammata, in kai inuwar itacen dogon yaro da ke tsakiyar fili, sai in ga motar Tama, in ga Baba ya miƙo hannu zai karɓi akwati, in juya.

Ranar Alhamis na kira gida. Na yi niyyar in gaya masa, in ji abin da zai ce. Ban samu na fara ba.

"Uwata! Jiya na zauna dakali, na ba su labari. Na ce ɗiyata ita ke sa inji magana, manyan soja na tsaye bayanta suna kallo. Liman ya ce a gaishe ki. Lahiya dai? Na ji muryarki ƙasa-ƙasa."

"Lafiya lau, Baba. Zafi ne."

"Ki sha ruwa. Kwana nawa ya rage?"

"Sha biyu."

"Kamar gobe na. Allah shi yi miki albarka."

Na kashe wayar na tsuguna a bayan biro, inda ake zubar da tsoffin takardu, na yi kuka har cikina ya yi ciwo. Albarkar ce ta fi yi mini nauyi. Ban san yadda zan ɗauke ta in wuce gaban koriyar ƙofar nan kullum ba.

Juma'a da safe, bayan an ɗaga tuta, na wuce itacen dogon yaro ban tsaya ba. Na ajiye fayil biyun a gaban ajidan, hoto kusa da hoto. Na yi masa bayani. Na ce Shef ya ce in sa lamba, ban sa ba. Na ce mutumin bai yi ƙarya ba, ni na yi kuskure. Ya daɗe yana duban hotunan.

"Yaushe kinka gano?"

Da na ce yau da safe, da ya yarda.

"Talata, mon ajidan."

"Yau mi?"

"Juma'a."

Bai yi tsawa ba. Ya kira mai gadi ya ce a kawo mabuɗi, ya jawo takardar izini ya cike da hannunsa, ya buga hatimi. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kicin. Kada in sake ganinki kusa da injin nan. Sauran ki jira takardarki."

Ina ƙetare fili na hango dogon nan ya fito, yana kare ido daga rana. Aka miƙa masa takarda, ya duba, ya nufi ƙofar bariki da gudu, igiyar takalminsa a kwance. Bai gan ni ba. Na ce a raina, aƙalla zai same ta. Da wannan na riƙe kaina.

A kicin albasa aka ba ni in yanka, buhu-buhu, na abincin bariki duka. Ya yi mini daidai, ba mai tambayar dalilin hawaye. Duk wanda ya shigo da takarda a hannu sai gabana ya faɗi. Na wanke kayana na farar hula, na shirya akwati na tura ƙarƙashin gado. Na rubuta abin da zan ce wa Baba sau ba adadi a raina, ko ɗaya bai yi ba. Ban kira gida ba. Kwana goma sha ɗaya suka cika, ba a kira ni ba. Aka ƙara sati. Jiran ya fi korar ciwo, har na fara roƙon Allah a yi a gama.

Wata safiya inuwa ta tsaya a kaina. Shef ne, ya dawo daga Tawa.

"Ɗiyar Tama ta koma ga danginta," ya ce yana duban tulin albasar. Ban iya dariya ba. "Tashi ki wanke hannu. Akwai kabad guda na jiranki. Fayil bayan fayil, lamba bayan lamba, kuma ki dubi hoton kowa kahin ki rubuta."

"Shef, takardata fa?"

"Wace takarda? Ni aiki na ce miki."

Sati uku na yi ina buɗe fayil. Na ga fuskokin ƴan ɗaya ga Janairu ba iyaka, na Buza da na Keita da na Madawa, kowa da kunnensa da tabonsa. A nan na daina ƙin lambar. Na gane a duk abin da aka rubuta game da mutum a takardun nan, ita kaɗai ce ba ya raba ta da kowa.

Ba a sake zancen sallamata ba, ni ma ban tambaya ba, don tsoron kada in tuna musu. Na ɗauka ajidan ya manta ne, ko Shef ya roƙe shi. Dogon nan kuwa aka ce ya koma sansaninsa, daga baya aka yi masa canji zuwa nesa, ban sake ganinsa ba. Shekara ta zagayo aka tura ni Yamai koyon aikin na'ura, na gama, abu na farko da na taɓa kaiwa ƙarshe. Da na cika shekarun da na sa hannu na ajiye kaki. Yanzu porogaram nake rubuta wa ƙananan asibitoci, na rajistar marasa lafiya. Duk inda na je tambayata ta farko ita ce yadda suke bambanta mutum biyu. Har yanzu ina rubuta waƙa a gefen takarda. Baba yana zama dakali.

Bara na kai Inna asibitin mishan a duba mata ido. Muna zaune a inuwa muna jiran layi, sai na ji an ce, "Ina jin albasa." Shef ne, ya yi ritaya ya dawo gida, kansa ya yi fari fat. Muka gaisa, ya tsokani Inna, ta rama. Da aka kira ta ciki, na ce masa ban taɓa yi masa godiya ba a kan roƙon da ya yi mini wurin ajidan.

Ya girgiza kai. Ya ce shi bai roƙi kowa ba. Ranar da ya dawo daga Tawa, aikin farko da ajidan ya ba shi shi ne buga takardar sallamata, kuma ya buga ta, hatimi kawai ya rage. Suna cikin ofis sai ga dogon nan ya dawo daga gida, ya nemi iso. Ajidan ya gaya masa komai, har da cewa tun Talata na gano na yi shiru. Mutumin ya tsaya ya ji. Sannan ya ce tun da ya shiga aikin nan an sha yi masa kuskure a littafi, ba wanda ya taɓa zuwa da ƙafarsa ya ce ni ne, in aka kori wadda ta zo, ba mai sake zuwa. Ajidan ya sa takardar a aljihun tebur. Mutumin ya roƙi kada a gaya mini ya zo.

Na ce, "Uwar tasa fa, ta tashi?"

Shef ya dubi wani dogon ɗaki da ke bayanmu, mai tagogi shuɗɗa. Ya ce a can take kwance. Ranar Alhamis ta rasu, da hantsi. Da ya iso ranar Juma'a an riga an tafi da ita Tabotaki an rufe.